Ciyawar Urartu, Uwar Alkama da Aka Daɗe Ba a Gane Ba

A shekara ta 782 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Sarki Argishti na ɗaya ya sa aka gina masa ganuwa a kan wani tudu mai fuskantar dutsen Ararat, ya raɗa mata suna Erebuni. An sassaƙa labarin ginin a jikin dutse, kuma rubutun yana nan har yau a Yerevan, babban birnin Armeniya, wanda ya tashi a gindin tudun. Daular da Argishti ke mulki ita ce Urartu, fadarta na Tushpa a bakin tabkin Van, gabashin Turkiyya ta yau. Mutanenta mayaƙa ne da suka daɗe suna gwabzawa da Assuriyawa, amma kuma manoma ne na gaske. Mahaifin Argishti, Sarki Menua, shi ya haƙa magudanar ruwa mai tsawon fiye da kilomita 50 don shayar da gonakin Van, har yanzu ruwa na bin wani sashenta. Da masanin kufai Boris Piotrovsky ya fara tono a 1939 a Karmir Blur, wata ganuwar Urartu da wuta ta cinye a gefen Yerevan, abin da ya yi ta tararwa a ƙarƙashin toka ɗakunan ajiya ne: manyan randuna jere-jere, da ƙonanniyar alkama, da sha'ir, da wani nau'in gero, da riɗi.

Waɗannan mutane sun san alkama ciki da bai. Abin da ba su da hanyar sani shi ne, a kan tuddan da dawakinsu ke kiwo, akwai wata siririyar ciyawa wadda daga jikinta alkamar rumbunansu ta samo asali. Sai bayan shekaru sama da 2,500 aka ba ciyawar sunan daularsu, Triticum urartu.

Wanda ya gan ta a daji ba zai tsaya ba. Karanta siriri, zangarniyarta a matse take, mai dogayen gashi masu kaushi. Tana tsirowa da ruwan kaka, ta kwanta cikin sanyin hunturu, ta yi zangarniya idan ƙasa ta ɗumama, kafin tsakiyar bazara ta bushe. Ƙwayarta ƙarama ce, mai ja-ja, kuma a ɗaure take tam cikin ƙaiƙayi. Da zarar ta nuna, zangarniyar ba ta jiran kowa: tana kakkaryewa gaɓa-gaɓa daga sama zuwa ƙasa, kowace gaɓa ta faɗo da kaifin bakinta a gaba. Daga nan gashin ke karɓar aiki. Masu bincike sun nuna cewa gashin alkamar daji yana haɗewa da dare idan akwai raɓa, ya buɗe da rana idan iska ta bushe, ga kuma ƙananan ƙayoyi a jikinsa da ke hana shi komawa baya. Haka ƙwayar ke ta tura kanta cikin tsagar ƙasa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta ɓuya wa tsuntsu da tururuwa. Wato ciyawa ce mai shuka kanta. Alkamar gona ta rasa wannan baiwa tun ranar da ɗan Adam ya zaɓi mai riƙe 'ya'yanta har lauje ya zo, don haka in aka daina shuka ta, ta ƙare.

Mutumin da ya fara lura da ita masanin noma ne ɗan Armeniya, Mikayel Tumanyan. A shekarun 1920 da 1930 ya yi ta yawo a tuddan jar laka da ke kudu maso gabashin Yerevan yana tattara alkamar daji. Akwai wadda masana suka riga suka sani, Triticum boeoticum, uwar wata tsohuwar alkama mai ƙwaya ɗai-ɗai da aka noma a zamanin da. A cikinta Tumanyan ya riƙa ganin wasu tsirrai da idonsa ya ƙi yarda cewa iri ɗaya ne da sauran. Jakunkunan garin furensu gajeru ne, ƙwayarsu ta fi ja. A 1937 ya ce wannan jinsi ne mai zaman kansa, ya sa mata sunan Urartu.

Kafin nan, a 1934, babban baƙo ya zo ganin waɗannan tuddai. Nikolai Vavilov ne, shugaban cibiyar binciken tsirrai ta Leningrad, mutumin da ya taka nahiyoyi biyar yana neman iri, har Habasha ya je a 1927. Shi ne ya kawo ra'ayin cewa kowane amfanin gona yana da mahaifa, wurin da nau'o'insa suka fi yawa kuma danginsa na daji ke zaune, cewa a nan ya kamata a nemi maganin cututtukansa. Da ya ga alkamar daji iri-iri a cakuɗe a fili ɗaya dab da Yerevan, sai ya nemi a killace wurin a kare shi. Bai ga cikar wannan buri ba. A lokacin tauraron Trofim Lysenko na hawa, mutumin da ya ƙaryata ilimin gado gaba ɗaya ya kuma samu kunnen Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet. A watan Agustan 1940 aka kama Vavilov yana tsakiyar tattara tsirrai a Yukuren. Ya rasu a kurkukun Saratov a watan Janairun 1943, yunwa ce ajalinsa. Mutumin da ya tara samfurin iri sama da 200,000 don kada kowa ya kwana da yunwa, haka aka yi da shi, kuma duk lokacin da na zo wannan gaɓa ta tarihin sai zuciyata ta yi nauyi.

Almajiransa ba su ci amanarsa ba. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya, daga Satumban 1941 zuwa Janairun 1944, ma'aikatan cibiyar sun zauna gadin akwatunan iri cikin sanyi da duhu, suna korar ɓeraye. Wasunsu sun mutu da yunwa alhali abinci na kewaye da su. Dmitri Ivanov mai kula da shinkafa ya mutu bai taɓa ko ƙwaya ba. Aleksandr Shchukin mai kula da gyaɗa a kan teburinsa aka same shi. A 1948 kuma aka haramta koyar da ilimin gado a Tarayyar Sobiyet, wadda Armeniya ke cikinta a lokacin, haramcin da bai sassauta sosai ba sai tsakiyar shekarun 1960. A cikin irin wannan yanayi, wa zai tsaya kan wata ciyawar tudu? Tumanyan ya rasu a 1950, sunan da ya raɗa bai ma cika sharuɗɗan da masana tsirrai na duniya suka gindaya ba. A ma'ajiyoyin busassun tsirrai na Turai da Amurka, duk inda samfurinta ya shiga, a aljihun boeoticum ake jefa shi.

A can Japan kuwa wani zaren labarin ne ke saƙuwa. A 1918 Tetsu Sakamura ya leƙa ƙwayoyin jikin alkama da madubin ƙara girma ya ƙirga kuromozom, wato 'yan sandunan da ke ɗauke da gadon halitta. Ya tarar alkama aji uku ce: mai 14, mai 28, da mai 42. Duk ninkin bakwai ne. Hitoshi Kihara, wanda ya gaji kayan aikinsa, ya shafe shekaru yana aurar da wannan da waccan yana duba yadda kuromozom ɗinsu ke haɗuwa, har ya gano cewa alkamar burodi mai 42 tsirrai uku ne a jiki ɗaya. Aka sa wa kason kowanne harafi: A, B da D. A 1944 Kihara ya nuna cewa D daga wata ciyawa take mai suna Aegilops tauschii, su McFadden da Sears ma a Amurka suka kai ga wannan sakamako a kusan lokaci guda. B ta ba da wahala, aka yi ta muhawara a kanta. A kuwa kowa ya ɗauka an gama da ita: ai daga tsohuwar alkamar nan mai ƙwaya ɗai-ɗai take, ita da uwarta boeoticum. Haka aka rubuta a littattafai, haka aka koyar da ɗalibai na tsawon kusan rabin ƙarni. Ga ta mai 14, ga kuromozom ɗinta na haɗuwa da na A, ga shi an daɗe ana noma ta. Amma kama da wane ba ta wane.

Wanda ya ɗaga sunan Tumanyan daga ƙura shi ne Papin Gandilyan, wani masanin tsirrai ɗan Armeniya. A 1972 ya wallafa cikakken bayanin ciyawar bisa ƙa'ida, shi ya sa har yau ake rubuta sunayensu biyu a bayan nata. Daga nan abubuwa suka fara warwarewa da sauri. Lennart Johnson na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, wanda ya tattaro alkamar daji a Gabas ta Tsakiya, ya duba tarinsa ya ga ashe urartu ba ta Armeniya kaɗai ba ce, tana nan jefi-jefi a kudu maso gabashin Turkiyya, da Labanan, da Iraki, da Iran, a ɓoye cikin 'yar'uwarta. A 1976 shi da abokin aikinsa Dhaliwal suka aurar da su biyun. 'Ya'yan da aka samu ba sa haihuwa. Wannan ya kashe gardamar ko jinsi ɗaya ne. Johnson da farko ya zaci ita ce mai B da aka daɗe ana nema, amma a shekarar nan ta 1976 su Chapman da Miller da Riley a Ingila suka nuna cewa kuromozom ɗinta da na A suke tafiya. A Leningrad ma, a cibiyar da yanzu ke ɗauke da sunan Vavilov, Konarev da mutanensa sun bi ta hanyar furotin ɗin ƙwayar suka ga alamar urartu a alkamar burodi. Hukuncin ƙarshe ya zo a 1993, lokacin da Jan Dvorak na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya gwada DNA kai tsaye. A ɗin da ke cikin alkamar taliya da alkamar burodi ta urartu ce. Shekaru 56 ke nan bayan Tumanyan ya ce idonsa ya ga bambanci.

To, yaya ciyawa mai 14 ta zama alkama mai 42? A nan ne tarihin ya fi zurfi, don ya girmi noma da nisa. Dubban ɗaruruwan shekaru da suka wuce, a wani wuri cikin ƙasashen da ke kewaye da kogunan Furatu da Dijla, garin fure ya haɗa urartu da wata ciyawa dangin Aegilops speltoides. Irin wannan haɗi yakan haifar da abin da ba ya haihuwa, kamar yadda jaki da goɗiya ke haifar alfadari. Sai dai tsiro yana da wata mafita da dabba ba ta cika samu ba. Wani lokaci kuromozom ɗin ɗan ruwa biyun sukan ninka, kowane ya samu abokin tafiya, sai haihuwa ta buɗe. Haka aka samu alkamar daji mai 28, Triticum dicoccoides, wadda Aaron Aaronsohn ya gano tana tsiro a Rosh Pinna, arewacin Falasɗinu, a 1906. Ita mutane suka fara nomawa kimanin shekaru 10,000 da suka shige, daga cikinta aka samu alkama mai tauri da ake yin taliya da ita. Da manoma suka ɗauke ta suka yi gabas da ita zuwa kudancin tekun Kaspiyan, sai ta tarar da tauschii a bakin gonaki. Aka sake haɗuwa, aka sake ninkawa, sai ga mai 42. Wannan ta ƙarshe ba ta da 'yar'uwa a daji ko ɗaya, a gonar mutum aka haife ta, shekaru 8,000 zuwa 10,000 baya. Urartu ta kuma yi wani auren dabam wanda ya haifar da Triticum araraticum, uwar alkamar timopheevii da manoman yammacin Jojiya suka riƙe.

Ita kanta urartu ba a taɓa samun nau'inta na gona ba. Amma kusan tabbas ta shiga tukunyar mutanen farko, tun da a cakuɗe take tsirowa da boeoticum a wurare irin su gangaren dutsen Karacadag na Turkiyya. A can ne masanin Amurka Jack Harlan ya gwada abin da kakannin manoma suka yi. Ya shiga cikin alkamar daji yana zage zangarniya da hannu har tafinsa ya yi ciwo, sannan ya ɗauki lauje mai bakin dutsen ƙanƙara. Abin da ya wallafa a 1967 shi ne, mutum ɗaya na iya samun kusan kilo 1 na tsabar ƙwaya a awa guda, iyali kuwa cikin mako 3 za su tara fiye da abin da za su ci a shekara. Sharaɗin kawai a zo a kan kari, don in aka makara kwanaki kaɗan, ƙasa ta riga ta karɓe kayanta.

Burin Vavilov ya cika a 1981, shekaru 47 bayan ziyararsa, da ƙoƙarin masana irin su Gandilyan. Gwamnatin Armeniya ta killace hekta 89 a waɗannan tuddai, kusa da ƙauyukan Mushavan da Geghadir, aka kira wurin Gandun Erebuni. Gandu ne da babu zaki babu giwa, don ciyawa kawai aka kafa shi, abin da ba a cika gani ba a duniya. A cikinsa urartu da boeoticum da araraticum ke tsiro kafaɗa da kafaɗa, wato uku daga cikin alkamar daji huɗu da aka sani, tare da ciyawar Aegilops da sha'ir na daji. Shekaru goma bayan haka Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Armeniya ta shiga yaƙi da ƙarancin wuta da mai, aka raba filaye ga masu zaman kansu, birnin Yerevan kuma ya ci gaba da matsowa. Maƙiyan alkamar daji a ko'ina sanannu ne: garma, da gini, da garken da aka sako kafin ƙwaya ta zuba. Tunda tsiro ne na shekara ɗaya, in aka cinye zangarniya shekaru a jere, wurin ya tafi ke nan. Yau urartu na cikin littafin Armeniya na tsirran da ake jin tsoron ɓacewarsu.

Mai karatu na iya cewa, tunda ta riga ta ba da abin da za ta bayar, mene ne abin damuwa? Amsar tana cikin yadda auren ya faru. Tsirrai 'yan kaɗan ne suka shiga wancan haɗi, saboda haka abin da alkama ta gada ɗan tsagi ne daga dukiyar urartu. Sauran yana jikin waɗanda suka rage a daji, su da suka ci gaba da kokawa da fari da sanyi da cuta ba taki ba feshi. Alkama kuwa ita ke ba ɗan Adam kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin abincin da yake ci, kuma cututtukanta ba sa barci. Wani nau'in cutar tsatsa da aka gani a Yuganda a 1998, wanda aka fi sani da Ug99, ya karya garkuwar da yawancin irin duniya suka dogara da ita, ya bi ta Kenya da Habasha ya tsallaka Yaman, a 2007 ya isa Iran. Duk lokacin da irin haka ta faru, masu kyautata iri wurin dangin daji suke komawa. A 2013 masana a ƙasar Sin, ƙarƙashin Ling Hongqing, suka wallafa karatun kundin gadon urartu a mujallar Nature, kundi mai haruffa kusan biliyan 5, ya fi na mutum girma. Ya zama tsani wajen karanta na alkamar burodi, wanda ya ninka shi sau uku. A 2018 aka ware daga jikinta ƙwayar gado mai suna Pm60, mai kare alkama daga fumfunar da ke rufe ganye da farin gari. A 2020 aka ware YrU1, mai tsayayya da tsatsa mai ratsin rawaya. Da Tumanyan ya bar ta a aljihun da aka saba jefa ta, da ba a san inda za a nema ba.

Akwai masu ganin cewa tunda an adana irinta a ɗakunan sanyi, to hankali ya kwanta. Rumbunan iri suna da amfani, ba na ja. Abin da ya faru a Siriya ya isa shaida. A da, cibiyar binciken noma ta ICARDA tana da ɗaya daga cikin manyan tarin dangin alkama na daji a Tel Hadya, kusa da Halab. Da yaƙi ya ci ƙarfinta ma'aikata suka fice a 2012, abin da ya cece ta shi ne kwafin da ta riga ta aika rumbun Svalbard, wanda aka haƙa cikin dutse a tsibirin ƙanƙara na ƙasar Norwe aka buɗe a 2008. A 2015 ta zama ta farko da ta je ta karɓo ajiyarta, aka sake shuka irin a Terbol na Labanan da kuma Maroko. Amma ƙwayar da ke cikin firji ta tsaya ne a ranar da aka tsince ta. Cutar da ke waje tana sauya kama kowace shekara, zafi yana ƙaruwa, ruwa yana sauya lokaci. Wadda ke kan tudu ce kaɗai ke ci gaba da amsa waɗannan tambayoyi, mai rauni ta faɗi, mai ƙarfi ta zubar da 'ya'ya. Shi ya sa a ganina Gandun Erebuni ya yi kaɗan ƙwarai, kuma bai dace a bar wa ƙaramar ƙasa irin Armeniya wannan nauyi ita kaɗai ba. Duk ƙasar da ke cin alkama akwai bashinta a kanta.

Mu ma muna cikin masu bashin. Alkamar da ake nomawa da rani a Kadawa da Haɗeja da bakin tabkin Chadi, da wadda jiragen ruwa ke saukewa a Legas, da gurasa da alkaki da funkaso da taliyar murji, duk suna ɗauke da kason urartu. Hanyar biyan da ta fi kusa da mu kuwa a gida take. Gero da dawa da shinkafar Afirka a wannan nahiya aka fara noma su, danginsu na daji kuma suna nan tare da mu: geron daji a bakin hamada, shibra da manomi ke tugewa ya yar a gefen kunya, shinkafar daji a fadamun Haɗeja da Nguru. Ina kira ga malaman aikin gona na Samaru da Maiduguri da Maraɗi, da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta a kai, su fita da jaka da littafi a ƙarshen damina, su rubuta inda kowace take, su ɗebo irinta, su kuma nemi hukuma ta killace ko da fadama ɗaya ce kafin injin ban ruwa ya isa wurin.